A Rage Mata Nauyi

Laure Mai Rago taubashiyata ce, uwarta da ubana ciki ɗaya suka fito. Saboda haka abin da mutanen Rogo ke tsoron faɗa a kanta, ni ina da izinin faɗa. In ta ji haushi, iyakaci ta ce Ilu ya tsufa bai yi hankali ba, wannan kuwa ta daɗe tana faɗa tun ina koyarwa a firamare.

A wani ƙauye na Ruwan Bago aka haife ta, shekara biyu bayana. Tana yarinya siririya ce ta ƙin ƙarawa. In ta ɗauko tulu daga rafi sai ka rasa wa ke ɗauke da wani. Muna kiranta Tsinke, tana jifanmu da hoge. Ban sani ba ko sunan ne ya zauna mata a rai, amma tun daga lokacin Laure ta ɗaura ɗamarar yaƙi da rama. Duk abu mai numfashi da ya shigo hannunta sai ta cika shi. Mutum biyu ne kawai suka gagare ta: ita kanta, sai mijinta marigayi Sulle, wanda ta yi shekara talatin tana ɗura wa tuwo da man shanu, ya koma ga Allah kamar sillen kara.

Da aka kawo ta Rogo aure sai ta kama kiwon turka. Wata huɗu kafin Layya za ta sa a sayo mata ragon da kowa ya raina a kasuwa, mai haƙarƙari a waje, ta ɗaure shi a turke. Dokokinta uku ne, ba ta kuma ɓoye wa kowa: kada ya yi yawo, kada ya ji yunwa, kada a tanka shi. Dusa da kanwa da safe, harawar gyaɗa da rana, tunkuza da yamma. Kafin Salla sai ka ga rago yana taku ɗai-ɗai yana kallon mutane a raine.

Doka ta ukun ita ce mai tsanani, don Laure ta yarda da baki fiye da yadda ta yarda da allurar dabbobi. A gidanta ba a cewa abu ya yi ƙiba. Daga zaure har madafi kalmar nan ba ta da wurin zama. Sai dai a ce, tubarkalla ya murje, ko masha Allah jiki ya yi kyau. Wani dillali ya taɓa shafa bayan ragonta ya ce wannan kam ya yi ƙiba. Ta fasa cinikin, ta raka shi da tsintsiya har ƙofar gida, ta kwana uku tana yi wa ragon tofi. Labarin nan babu wanda bai san shi ba a Rogo.

Allah bai ba ta haihuwa mai zama ba. Biyu ta haifa, duka suka koma kafin su fara cin tuwo. Ba ta maganar, ni ma a nan wasana yake tsayawa. Dangi suka riƙa ba ta riƙo, ɗaya bayan ɗaya har shida. A wajenmu kuwa ba a tambayar mai riƙo yadda take riƙo. Ranar Salla in ta kai yaro gaida iyayensa, kumatunsa ake kallo, su ne ke ba da shaida. 'Ya'yan Laure in sun shiga gida har maƙwabta ake kira su zo su gani. Biyar sun girma sun kama gabansu, wasu aure, wasu Kano. Ta shidan ce ta rage mata a ɗaki, Siddiƙa, 'yar ƙaninta Sunusi da ke zaune a Ƙaraye.

Ranar yaye aka kawo Siddiƙa, 'yar firit, tana fama da zawo. Laure ta karɓe ta ta goya, ta ce a ba ta wata uku. Ba ta kai ukun ba ta fara yin wuya biyu. Daga nan kuma ba a tsaya ba. Koko da ƙosai da safe, sukari cokali uku. Ɗanwake yana iyo a mai da hantsi. A jakar makaranta akwai ƙullin ƙuli-ƙuli da alawar madara, don kada yunwa ta same ta tsakanin aji da aji. In ta dawo fura na jira, ranar kasuwa kuma lemon kwalba da gurasa. Yarinya ce mai haƙuri, mai kan karatu, mai yawan dariya, kuma ban taɓa jin ta ce wa Goggonta ta ƙoshi an yarda ba.

Tana shekara goma sha biyar, ta shiga babbar sakandare, ƙuraje suka fito mata. Suka fara daga goshi, suka gangaro kumatu, suka kafa sansani a haɓa. Matan unguwa kowa ta kawo nata ilimin. Wata ta ce zafi ne, wata ta ce gyaɗa ce. Wata tsohuwa ta ce ai abin farin ciki ne, kowane ƙurji saurayi ne da ke sonta a ɓoye. Laure ta kama goshin yarinyar ta ƙirga ashirin da uku, ta ce in haka ne sauran 'yan matan Rogo sai su nemi miji a Zariya.

An shafa toka, an shafa lalle, an shafa lemon tsami. An wanke da sabulun salo har fuska ta yi ja. Wata ƙawar Siddiƙa ta ce man goge baki, aka shafa shi ma, ta kwana tana ƙamshin na'a-na'a, ƙurajen ko gezau. A makaranta 'yan ajinsu suka sa mata suna Kantu, wai fuskarta ta yi kama da kantun riɗi. Sai ta tono wani takunkumi da ya rage tun zamanin korona ta riƙa sawa, duk zafin nan na bazara. Dariyar nan tata ta ɗauke. Wata rana na tarar da ita ta kifa madubin ɗakinsu a ƙasa ta ɗora littafi a kai. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ana cikin haka Sunusi da matarsa Ikilima, uwar yarinyar, suka zo Rogo wani suna, suka biyo ta gidan. Ikilima ta ce wa 'yarta ta cire ƙyallen nan su gaisa sosai. Da ta cire, sai Ikilima ta kalli mijinta. Sunusi yana shakkar yayarsa, don ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, saboda haka sai da ya yi gyaran murya sau uku.

Ya ce, “Yaya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A kai yarinyar nan asibiti. In zuwa Babbar Salla abin bai yi sauƙi ba, sai ta dawo Ƙaraye wajen uwarta, mu nemi likita a Kano, ta ƙarasa makarantar a can.”

Laure ta ce, “To.”

Duk maganar nan abu ɗaya ta ji, za a karɓi 'ya daga hannunta. Ba a taɓa yi mata haka ba, kuma bayan wannan babu wanda zai sake kawo wa tsohuwa mai shekara sittin da huɗu yaye. Salla saura wata biyar. Washegari da hantsi ta sa mayafi ta tasa Siddiƙa gaba zuwa ƙaramin asibiti.

Ban je ba, amma na ji labarin daga bakin su biyun da malamar asibitin, kuma bai saɓa ba. Malamar asibitin da suka samu sunanta Kubra, 'yar garin nan ce, ta yi karatunta a Kano ta dawo, mai ladabi har ya so ya yi yawa. Ta duba fuskar, ta ɗora Siddiƙa a kan sikeli, ta auna tsayinta, ta rubuta a kati.

Ta ce, “Goggo, ƙurajen balaga ne. Kusan kowa yana yi, wani kaɗan, wani da yawa. Ta riƙa wanke fuska sau biyu a rana, kada ta matse su, a daina shafa toka da lemon tsami. Ga magani na shafawa. Sai dai akwai abu guda.”

Nan ta tsaya. Ta kalli sikelin, ta kalli Laure, ta tuna da dillali da tsintsiya. Sai ta nemi kalmar da ba za ta jawo mata irin wannan rakiya ba.

Ta ce, “Nauyin nan ya yi mata yawa a shekarunta. Wani lokaci yawan nauyi yana tafiya tare da irin ƙurajen nan. In aka rage mata nauyi, ina sa ran zai taimaka.”

Laure ta juya ta kalli Siddiƙa. Can ta ce, “Nauyi.”

“E, Goggo.”

“Ni na ɗora mata?”

Kubra, da tunaninta ke kan tuwo, ta ce, “Ba laifinki ba ne, Goggo. Amma dai daga gida abin yake.”

Laure ta ce, “Na gane. Allah ya yi miki albarka.”

Kubra ta buɗe baki za ta yi bayanin abinci ke nan, sai aka shigo da wata mai naƙuda a bayan a-kori-kura. Ta yi sauri ta rubuta sauran bayanin da Turanci a katin, ta ce Siddiƙa za ta karanta mata, su dawo bayan mako shida. A hanya Laure ta tambayi yarinyar me aka rubuta. Siddiƙa ta ce, “Abin da ta faɗa ne, Goggo.” Ba ta yi ƙarya ba.

Da la'asar Laure ta zo gidana idonta ya yi ja. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, “Ilu, ashe ni ce. An ce nauyi na ɗora wa yarinyar nan har ya fito mata a fuska. Ka duba fa: jarka biyu daga tuƙa-tuƙa kullum, damin harawa, ga daka, ga tafiyar makaranta a ƙafa da jaka kamar ta mai hijira. 'Yar mutane, amanar Allah, na mai da ita jaki.”

A nan ne ya kamata in taimaka. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, har da darasin kiwon lafiya na aji biyar. Sai na gyara zama, na cire tabarau, na ce mata maganar malamar asibiti tana kan hanya. Na ce in aka yawaita ɗora kaya a ka, jini yana taruwa a fuska, in ya taru kuma dole ya nemi hanyar fita. Har na zana mata a ƙasa da tsinke. Ta tafi tana sa min albarka, abin da ba ta taɓa yi ba.

Daga ranar aka sauke wa Siddiƙa komai. Laure ta karɓi jarka, ta karɓi taɓarya, ta karɓi tsintsiya. Ta ɗaga jakar makaranta ta ji, ta zazzage, ta cire ƙamus da littafin lissafi ta ce su ne manyan masu laifi. Ta yi magana da Ashiru ɗan acaba ya riƙa ɗaukarta daga ƙofar gida ya ajiye ta a ƙofar aji. Ta je makarantar da kanta ta gaida shugaba gaisuwa mai tsawo, ta roƙa a cire 'yarta daga shara da guje-guje bisa umarnin asibiti. Bargo ma ta canja mata da zani marar nauyi. Har butar alwala ita ke ɗauko mata. Tunda kuma marar lafiya sai da abinci, ta ƙara kunun gyaɗa tsakanin fura da tuwo.

Wata rana na shiga gidan na tarar da Siddiƙa zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya, kwano a gabanta. A ɗaya gefen ragon bana yana ɗaure a turke, shi ma kwano a gabansa. Suna tauna suna kallon juna. Wani abu ya ɗan taɓa ni a rai, amma ban bi shi ba. Laure kuwa ta wuce ni da jarka a ka, tana dafe da ƙugu, ta ƙara zama tsinken da muka sani.

Da mako shida suka cika na ce zan raka su, don ina so malamar ta san akwai masu ilimi a dangin. Siddiƙa ta hau sikeli. Kubra ta duba, ta ce ta sauka ta sake hawa. Ta sake dubawa. Kilo huɗu ya ƙaru, ƙurajen kuma suna nan daram, wasu ma sun kawo 'yan'uwansu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Kubra ta ce, “Goggo, an kuwa yi abin da na ce?”

Laure ta ce, “Har da ƙari. Ko allura ba ta ɗauka ba tun ranar. Ruwa ni, daka ni, makaranta a kan mashin. Littattafan ma na rage.”

Kubra ta jawo kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon katin. Sannan ta ce, “Goggo, ki yafe ni. Zan faɗi wata kalma a gabanki.”

“Faɗi, 'yar nan.”

“Ba nauyin kaya nake nufi ba. Nauyin jikinta. Ƙiba.”

Laure ta miƙe zaune sosai, ta tofa a hannu ta shafa wa Siddiƙa a ka. Ta ce, “Tubarkalla ake cewa.”

“Tubarkalla, Goggo, masha Allah. Amma ƙibar ce ta yi yawa.”

“Ƙiba tana yawa?”

“Tana yi.”

Laure ba ta faɗuwa da dukan farko. Ta ce, “To ni da kike gani, Tsinke ake ce min, ga wanda ya raɗa min nan a zaune. Da ina kamarta na yi ƙuraje har a gadon baya. Wace ƙibar ce ta kawo min?”

Kubra ta ce, “Gaskiyarki. Sirara ma suna yi, balaga ce tushen abin. Ban ce ƙiba kaɗai ce ba, ban kuma yi alkawarin in ta ragu za su ɓace ba. Amma a wajen wasu yaran, yawan zaƙi da zama wuri ɗaya da ƙiba suna ƙara wa abin wuta. Ko ba don fuskar ba ma, don lafiyarta ta gaba. Ba yunwa za a sa ta ba, yarinya ce mai tasowa. A rage sukari da lemo da soye-soye, a rage malmala, a ƙara ganye da wake. A mayar mata da jarkarta da tafiyarta.”

Laure ta juyo ta kalle ni. Ta ce, “Kai kuma malamin makaranta.”

Na sami wata takardar rigakafi a bango na shiga karantawa da kyau.

Sai ta juya kan Siddiƙa, muryarta ta sauka. “Ke kin san abin da ke cikin katin nan?”

“Na sani, Goggo.”

“Tun ranar?”

“Tun ranar.”

“Me ya hana ki faɗa min?”

Siddiƙa ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Satin farko, gaskiya, daɗin hutun na ji.” Kubra ta toshe baki da mayafi. Yarinyar ta ci gaba, “Daga baya na so in faɗa. Kullum sai na shirya. In kika ajiye min kwano kika tsaya kina kallona, sai in ji nauyinki. Ta yaya zan ce miki abincinki ne?”

Babu wanda ya yi dariya a nan. Har muka iso gida ko ni Laure ba ta zaga ba.

Ta gwada, wannan zan shaide ta. Rana ta farko ta zuba ƙaramar malmala, ta kalle ta, ta ce wannan ta ɗanɗana miya ce, ta ƙara ta gaske. Rana ta biyu ta daina sa sukari a koko ta jefa mazarƙwaila, wai ita ba a ambace ta a asibiti ba. Rana ta uku ta daure ta zuba kaɗan kamar yadda aka ce. Siddiƙa ta cinye ta suɗe hannu. Laure ta ga gindin kwano, ta tashi ba ta sani ba ta soya ƙwai uku.

Ta sake zuwa wurina. Ta ce, “Ilu, hannuna bai iya ragi ba. In na ga kwanonta wayam sai gabana ya faɗi. Sai in tuna waɗancan biyun da suka tafi ba su ci komai nawa ba.”

Shekara arba'in ban ji ta ambace su ba. Wannan karon na yi hankali ban zana komai a ƙasa ba.

Dabarar da ta samo tata ce ita kaɗai. Ta kira Siddiƙa ta damƙa mata mara ta kwasar tuwo da ludayi da gwangwanin sukari. Ta ce girki nata ne, zubawa ta yarinyar ce. In abinci ya nuna sai ta sauke, ta ɗauki carbinta ta fita zaure ta zauna, har sai ta ji ƙarar wanke kwano. Safe, rana, almuru. Masu wucewa suka ɗauka tsufa ne ya sa ta son shan iska.

Jarka ta koma kan mai ita. Ashiru ɗan acaba ya rasa fasinja, ya yi ta gunaguni cewa asibiti ba ta da magana ɗaya. Ƙamus ya koma jaka. Aka shiga dafa zogale da rama a gidan da a da ake ɗaukar ganye abincin rago ne. A hankali jiki ya ɗan sassauta, ba wani abin a zo a gani ba. Ƙurajen suka ragu, ba su ƙare ba. Ko maganin ne, ko wankin fuskar, ko sikelin, ko kuma lokacinsu ne ya yi, Kubra kanta ta ce ba za ta rantse ba. Ni dai abin da na gani, wata safiya Siddiƙa ta wuce ta ƙofar gidana babu takunkumi, ta gaishe ni, ta tambaye ni ko jinin ya sami hanyar fita.

Sai dai kumatun nan sun faɗa. Matan unguwa suka fara cewa a tuƙa-tuƙa, 'yar Laure ta rame, ko lafiya. Maganar ta koma kunnen Laure, ta kuwa shige ta sosai. A dokar da ta rayu a kai, mai riƙon da kumatun yaro suka faɗa a hannunta ta gaza, ko me asibiti ta ce. Ga ƙurajen kuma da saura. Ta yanke wa kanta hukunci tun kafin a yanke mata. Ana jibi Salla ta wanke kayan Siddiƙa kaf, ta ninke, ta shirya su a jaka da hannunta.

Washegarin Salla da hantsi Sunusi da Ikilima suka iso daga Ƙaraye. Ina nan, don na zo cin nama. Aka gaisa, aka yi barka da Salla, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda aka gani jiya. Sannan Laure ta shiga ɗaki ta fito da jakar ta dire a gaban ƙaninta.

Ta ce, “Ga 'yarku. Ta rame a hannuna, ban ɓoye ba. Ƙurajen ma ba su ƙare ba. Ku yafe min abin da na gaza.”

Ikilima ta jawo 'yarta ta juya fuskarta dama da hagu a hasken rana. Ta ce, “Yaya Laure, ai ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau.”

Laure ta ce, “Kada ki yi min ta'aziyya, Ikilima.”

Sunusi ya kalli yarinyar, ya kalli yayarsa. Shi ya san hannun nan, a cikinsa ya girma. Ya ce, “Siddiƙa, gaya min gaskiya. Yaya aka yi Goggonki ta yarda ta rage miki abinci?”

Ta ce, “Ba ta rage ba, Baba, ba ta iya ba. Ni nake zubawa. In zan ci sai ta fita zaure ta zauna har in gama, don kada ta gani ta ƙara. Wata uku ke nan ba mu ci abinci tare ba.”

Sunusi ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya juya ta, ya mayar. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce sosai.

Ya ce wa Siddiƙa, “Ɗauki jakar nan ki mayar ɗaki.”

Laure ta ce, “Sunusi, ka dai duba kumatun.”

Ya ce, “Na duba, Yaya. A nan za ta ƙarasa.”

Laure ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe sai ta hau faɗa, wai an bar baƙi da yunwa tun ɗazu ana surutu. Ta sauke tukunyar shinkafa da ta naman, ta cika wa Sunusi kwano har yana zuba, ta cika wa Ikilima, ta cika min nawa da harara. Da ta zo kan kwano na ƙarshe sai ta ajiye ludayin, ta laluba carbinta, ta nufi zaure.

Siddiƙa ta riƙe mata gefen zani. Ta ce, “Goggo, yau ki zauna.”

Laure ta tsaya. Ta kalli zaure, ta kalli yarinyar, sannan ta zauna a gefen tabarma. Siddiƙa ta ɗauki ludayin ta zuba wa kanta ɗaya da rabi, tsoka biyu, ta ajiye. Duk muna kallon Laure, Laure tana kallon kwanon. Na ga hannunta na dama ya taso daga cinya ya nufi ludayin, ta sa na hagu ta kamo shi ta mayar. Leɓenta yana motsi.

Can ta ce, “Bisimilla.”

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba har yarinyar ta cinye. Na ga Laure ta kayar da rago mai ƙaho ita kaɗai, na ga ta ɗauki jarka da ciwon baya, amma ban taɓa ganin ta yi aiki mai wuya kamar wannan shirun ba.